Ƙofar da Aka Daina Sayarwa

Duk sa'ad da na ga yaro ya taɓa fuskar wayarsa ya shiga intanet, bai biya ko anini ba domin manhajar da ta buɗe masa ƙofa, sai hankalina ya koma Amurka a shekarar 1995, zamanin da kamfanin Netscape yake sayar wa 'yan kasuwa manhajarsa ta Navigator da daloli, alhali ɗalibai da malamai an yafe musu. Ana nan sai kamfanin Microsoft ya fito da tasa manhajar shiga intanet, Internet Explorer, daga bisani ya cusa ta cikin Windows kyauta, kyautar da hakika ba sadaka ba ce, domin mai bayarwa yana hangen riba a bayanta. Abin al'ajabi a ɗabi'ar ɗan Adam shi ne, da zarar ya saba samun abu a ɓagas, sai farashin jiya ya zame masa tamkar zalunci, ya mance da wahalar maƙeransa. A watan Janairun 1998 Netscape ya sallama, ya daina karɓar kuɗi. Kafin shekarar ta ƙare gwamnatin Amurka ta gurfanar da Microsoft a kotu kan cusa Internet Explorer cikin Windows, kamfanin AOL kuwa ya ƙulla cinikin sayen Netscape.