Mita 18

Mu biyu ne, wa da ƙani, kuma aikin rubuta manhajar kwamfuta ne ya kawo mu jihar Wiskonsin ta Amurka. Kakanmu na wajen uwa maharbi ne. Mun taso muna ganin kwarinsa rataye a zaure, tare da kan burtun da yake ɗaurawa a goshi, ya duƙa cikin ciyawa yana tafiyar tsuntsu har ya kusanci nama. Bai koya mana komai ba, boko aka sa mu. Amma ranar da wani abokin aikinmu ya ce barewa ta addabi gonar masarar surukinsa, kuma tsohon zai bar mu mu yi farauta a ciki, sai muka dubi juna. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, in ji mu.

Farautar baka tsohuwar al'ada ce a nan. Tun 1934 jihar ta ware wa masu baka lokacinsu, kuma yanzu yakan fara ne a tsakiyar Satumba ya kai farkon Janairu. Muka yi kwas, muka yanki lasisi, muka sayi baka na zamani mai ƙafafun juyi a bakinsa biyu. Da yawa kan bishiya suke hawa, mu kuwa tsoron faɗowa ya sa muka sayi 'yar bukkar yadi ta tafi-da-gidanka. A jaka take kamar naɗaɗɗiyar tabarma, ana buɗe ta kamar laima, tana da tagogi, mutum biyu sukan zauna ciki a kan kujeru.

Ranar farko da asuba muka kafa ta a fili, bakin gona, muka buɗe dukkan tagogin don kada komai ya wuce mu. Gari na wayewa wata tsohuwar barewa ta fito da 'ya'yanta biyu. Ta tsaya can nesa, ta ƙura wa bukkar ido, ta buga ƙafar gaba a ƙasa. Sai ta yi wani huci mai ƙarfi ta hanci, ta ɗaga wutsiya, farin ƙarƙashinta ya bayyana, duk suka bi ta. Sati guda ba mu sake ganin ko ɗaya ba.

Abin da muka iya shi muka yi: muka buɗe littafi kamar masu neman kuskure a manhaja, muna canza abu ɗaya a kowace fita, muna rubuta sakamako.

Na farko, barewa ta san dajinta kamar yadda uwar gida ta san tsakar gidanta. Sabon abu ba ya wuce ta. Muka mayar da bukkar jikin kurmi, muka lulluɓe ta da rassa da karan masara, muka bar ta sati biyu ba mu je ba.

Na biyu, tagogi. In an buɗe gaba da baya, haske yakan ratsa, inuwar mutum ta fito sarai. Muka rufe na baya, muka bar biyu a gaba, muka ja kujeru can ciki. Kayan masu zanen ganye da muka kashe wa kuɗi ba su da amfani a cikin duhun bukka. Baƙar riga da baƙin safar hannu su ne daidai. Idon barewa bai cika rarrabe ja ba, amma yana kama shuɗi, kuma motsi komai ƙanƙantarsa ba ya kuɓuce masa.

Na uku, wanda ya fi duka, hanci. Yadi yana ɓoye mutum, ba ya ɓoye warinsa. Muka daina shafa turare, muka raba kayan daji da ɗakin da ƙamshin daddawa ke shiga. Duk da haka iska ce alƙali. Akwai wata ciyawa a nan, 'yar uwar tumfafiya, mai auduga a cikin kwanso. Mukan saki ƙwaya ɗaya mu ga inda ta nufa. In ta bi hanyar barewa, mu tattara mu koma gida.

A shekara ta biyu duk wannan ya yi aiki. Wani namiji mai ƙaho ya fito da yamma, bai san da mu ba. Na'urar awo ta ce mita 35. A filin gwaji muna samun abin bara daga nan, don haka ɗayanmu ya ja, ya saki. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, sauti yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa, kibiyarmu kuwa ba ta kai 90 ba. Ƙarar tsirkiya ta riga ta isa kunnensa. Ya durƙusa zai zabura, kibiyar da aka nufa da haƙarƙari ta same shi a sama, wajen doron baya.

Muka bi jini da tocila har tsakar dare. Da safe tsohon mai gonar ya zo ya taya mu. Ɗigon ya yi ta ƙanƙancewa, ya ƙare a bakin wata fadama. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya tambaye mu nisan, muka faɗa, ya yi shiru ya koma motarsa. A wurin aiki in mun yi kuskure mukan mayar da manhaja yadda take jiya. Nan babu wannan. Har yau ba mu san ko ya warke ko ya mutu a cikin ciyayi ba.

Sauran kakar ba mu fita ba. Da muka koma a shekara ta uku, muka auna mita 18 daga bakin taga, muka kafa kara a wurin. Abin da bai tsallako karan ba, ba namu ba ne. Sau huɗu barewa ta tsaya a bayansa, muna kallo, hannu na ƙaiƙayi, har ta wuce.

A farkon Nuwamba wata mace ta tsallako. Muka jira ta juya mana gefe, ta sunkuyar da kai. Aka yi bisimilla, aka saki. Ta ruga, ta faɗi muna ganinta. Muka yi mata rajista ta waya kamar yadda doka ta ce, muka kai kanta a gwada saboda wata cutar ƙwaƙwalwar barewa da aka gano a jihar a 2002. Da sakamako ya fito lafiya, muka kai wa tsohon cinya guda, sauran muka yi dambu da kilishi.

Da muka kira Inna, ta daɗe tana duban hoton.

"To, wanne ne ya harba a cikinku?"

"Mu ne, Inna."

Haka muka amsa wa mai gonar bara, da ya yi mana irin wannan tambaya a bakin fadama.