Daga Bakin Teku Zuwa Tsakar Gidan Inna

Ranar da na ajiye aikin banki a Legas, cikin watan Maris na 2019, ban yi kuka ba sai da na shiga mota na rufe ƙofa. Shekara goma sha ɗaya ina kan kujera ɗaya ina ƙirga kuɗin mutane, in fita gida tun kafin assalatu saboda cunkoson motoci, in dawo yara sun yi barci. Abin da na tara kuwa, ban da 'yan kuɗin sallama, shi ne ciwon baya da hawan jini.

Ciwon bayan nan ne ya haɗa ni da wata Ba'indiya maƙwabciyarmu a unguwar Ilupeju, inda Indiyawa suke da yawa. Ta gan ni ina hawa bene ina dafe da ƙugu kamar tsohuwa, sai ta ce in biyo ta ran Asabar. A bakin teku can wajen Lekki ta shimfiɗa mini tabarma, ta koya mini abin da suke kira yoga. Ni da na san Indiya a fim kawai, na ɗauka rawa za a yi. Ashe miƙe gaɓoɓi ne a hankali, da jan numfashi ta hanci ana ƙirgawa, a sake shi sannu sannu. Shekara uku ina bin ta, har na soma taya ta kula da sababbin zuwa.

To ana nan sai Inna ta kwanta ciwo a Boɗinga, kuma ni kaɗai ce 'yarta mace. Na sami maigida bayan ya ci tuwo, na ce, "Alhaji, ina neman izini in koma gida in yi jinyar Inna, in kuma riƙa koya wa mata motsa jikin nan." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Jinya na yarda. Amma kasuwata tana nan Legas, kuma ni ba zan zauna gida ba mace ba. Ki yi tunani." Na ce na yi. Wallahi 'yar'uwa ban yi ba, zuciya ce kawai ta ɗebe ni.

A raina na riga na zana komai. Na san akwai madatsar ruwa a Shagari, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Boɗinga a kan hanyar Jega, kuma ina da gwaggo a garin. Na ce ga tekuna nan, in jera mata a bakin ruwa da hantsi, iska na kaɗawa. Da na faɗa wa Gwaggo sai da ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke ɗiyag ga, Legas ta ɓata ki! Wace matar aure za ta tai bakin ruwa ta ɗaga ƙafa masunta na kallo?" Nan take mafarkin bakin ruwa ya mutu.

Sai kuma maganar Baffa, wanda malami ne, kuma ya ji ana raɗe-raɗin wai na kawo bautar Indiyawa. Ban ɓoye masa ba, na ce asalin abin yana da alaƙa da addinin Hindu, akwai wani jerin motsi da suke kira gaisuwar rana, akwai kuma wata kalma da suke ja da murya. Ya ce, "To ki zubar da duk abin da ya yi kama da bauta, ki riƙe miƙar jiki. Kuma mata zalla, cikin gida." Ya tuna mini cewa a ƙasar nan mace ta koyar da mace a tsakar gida ba baƙon abu ba ne, tun zamanin Nana Asma'u da 'yan taru. Daga ranar ban sake kiran sunan yoga ba, motsa jiki nake cewa, ko da yake na ji Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware masa ranar 21 ga Yuni tun 2014.

Mata bakwai suka zo ranar farko, rabinsu kallo ya kawo su. Na tashi da iyayina na birni ina bayanin illar zama wuri ɗaya, sai wata dattijuwa ta katse ni. "Malama, mi kika ce? Zama? Ni tun asuba na yi daka, na ja ruwa guga ashirin, ga goyon jika." Kunya ta rufe ni. Matar da ke surfe da sussuka da wanki a duƙe ba motsi ta rasa ba, jikinta ya sha motsi har ya ƙage. Abin da ta rasa shi ne wanda zai ce mata kwanta ki huta, ba tare da wani ya kira ta ba.

Sai na sauya komai. Mukan fara da kwanciya rigingine, gwiwa a lanƙwashe, a ja numfashi a ƙirga huɗu, a saki a ƙirga shida. Sannan a durƙusa bisa hannu da gwiwa, a gantsare baya a kuma tanƙwara shi kamar kyanwa ta tashi barci. Na nuna musu yadda ake ɗaukar tulu, a durƙusa da gwiwa maimakon a sunkuya da ƙugu. Mai ciki ba na taɓa ta sai ta je awo. Wadda ƙafarta ta kumbura ko take ganin jiri, asibiti nake tura ta, don ni ba likita ba ce, kuma maganin hawan jinina har yau ina shan abina.

Kuɗi kam sai dai a yi shiru. Wata ta kawo ɗari biyu, wata kwanon gero, wata albasa, wata kuwa "Allah shi biya" ne kawai. Ni da nake sayen leshi ba na tambayar farashi, sai ga ni ina lissafin kuɗin mota zuwa Shagari kowace Asabar. Gwaggo kan lallashe ni da cewa ai shi ma marigayi Shehu Shagari da alli ya fara kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. In ce mata, Gwaggo, shi daga alli ya hau, ni kuwa daga sama na sauko.

Inna ta rasu a 2021, hannunta cikin nawa. A shekarar ne kuma Alhaji ya ƙara aure. Ya faɗa mini da bakinsa, bai munafunce ni ba, amma na yi sati ban shimfiɗa tabarma ba. Duk numfashin da nake koya wa mutane ya gagare ni. Ya ce ɗakina yana nan, in dawo tunda jinya ta ƙare, har na soma haɗa kaya.

Ranar Talata da hantsi sai na ji sallama. Dattijuwar nan ce mai guga ashirin, da tabarmarta a hammata, mata biyar na biye da ita. Ba ta yi mini zancen kishiya ba, ta dai dubi akwatina ta ce, "Malama, ƙuguna ya dawo da halinai. Tashi mu yi na kyanwa."

Akwatin yana nan bayan ƙofa, ban kwance shi duka ba. Alhaji yakan zo da salla, ni da yara mu je da dogon hutu. In na je Shagari kuwa, bayan mun tashi, nakan roƙi yaron Gwaggo ya raka ni bakin dam, in tsaya daga nesa in kalli ruwa kafin motar Boɗinga ta cika.