Kuɗin Ɗaki da Kuɗin Masauki: Lissafin da Ke Gaban Manomin Arewacin Kano Kafin Tafiya Umara

A ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi, Makoɗa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona har ba a cika ganin saura ba, wato filin da aka bari ya huta, kalmar masauki ba ta saba tafiya tare da farashi ba. Baƙon da dare ya yi masa a hanya, ɗan koli ne ko matafiyi ko wanda ya zo ta'aziyya, zauren mai unguwa ko na liman ake nuna masa, a shimfiɗa masa tabarma, a ajiye masa buta da kwanon sha, bayan sallar isha kuma yara su fara shigowa da kwanukan tuwo daga gidajen maƙwabta har abincin ya fi ƙarfin cikinsa. Da safe godiya da addu'a kawai ake jira daga gare shi, domin tambayar kuɗin kwana a irin wannan wuri cin fuska ne ga mai gida. Mutumin da ya tashi cikin wannan tarbiyya, idan ya zauna lissafin tafiya, kuɗin mota da guzuri yake ƙirgawa, wurin kwana kuwa ya bar wa Allah da mutanen kirki, kuma wannan kyakkyawar ɗabi'a ce take zame masa rauni ranar da ya nufi ƙasar da ake sayar da kwana da awo da farashi, kamar yadda ake sayar da hatsi a kasuwar Dawanau.

Ko a zamanin fatauci masaukin ɗan kasuwa yana da tsadarsa, sai dai ba a ganinta a fili. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, cikinsu har da Agalawa da Tokarawa waɗanda da yawansu mazauna karkarar Kano ne, kan ya da zango a bayan gari ƙarƙashin jagorancin madugu, idan kuma suka isa babbar kasuwa irin ta Salaga sai su sauka a hannun fatoma. Fatoma shi ne mai masaukin baƙin 'yan kasuwa, wanda ke ba baƙo ɗaki da abinci da wurin ajiyar kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki kayansa bashi, ba tare da ya karɓi ko sisi da sunan kuɗin ɗaki ba, saboda rabonsa yana cikin la'adar ciniki. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda irin wannan tsari na masu gida ya riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Ƙarfin tsarin shi ne cewa baƙo ya san wanda ya sauke shi, ya san ƙofar gidansa, kuma fatoman da ya ci amanar baƙo ɗaya ya yi bankwana da ayarinsa gaba ɗaya, domin labari kan riga fatake isa gida.

Tafiyar da ta fi jefa manomin wannan yanki cikin harkar otal a yau ita ce Umara. A aikin Hajji, Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda dokar 2006 ta kafa, tare da hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, su ke kama masauki su zuba kuɗinsa cikin kuɗin kujera, don haka alhaji ba ya zaɓe kuma ba ya ciniki. Umara kuwa tana hannun kamfanonin jirgin yawo, wato 'yan kasuwa masu zaman kansu da ke haɗa wa mutum biza da tikiti da otal a dunƙule, kuma da yake kujerar Hajji ta tashi daga kusan naira miliyan 3 a 2023 zuwa sama da miliyan 8 a 2025, ba abin mamaki ba ne idan hankalin mai ƙaramin ƙarfi da ke begen ganin Ka'aba ya karkata can. Daga watan Yunin 2025 Ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya ta sharɗanta tabbatar da kama masauki mai lasisi ta tsarin Nusuk kafin a ba da bizar Umara, abin da ya taƙaita tsohuwar dabarar nan ta dogaro da wani ɗan'uwa mazaunin Sharamansur, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafuwa a Makka. Otal ya zama tilas, kuma wanda ke tsaye a matsayin fatoma yanzu ejan ne da wataƙila maniyyaci bai taɓa ganin ofishinsa ba.

Dattawan da suka yi Hajji shekaru 30 ko 40 da suka wuce suna ba da labarin tsofaffin gidajen haya da ke daf da Harami, inda mutum kan ji kiran salla ya yi alwala ya samu sahu, amma yawancin waɗannan gidaje babu su. An rushe ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya a 2002, aka gina a wurinta dogayen benayen nan masu hasumiyar agogo mai tsawon kimanin mita 600, sannan daga 2008 aka share unguwar Shamiyya domin faɗaɗa masallaci. Sakamakon haka shi ne kusanci da Harami ya zama kayan masu hali, ɗakuna masu rangwame kuma suka ja da baya zuwa ƙarshen Misfala, Jarwal, Kudai da Aziziyya ta wajen Mina. Wanda ya gina lissafinsa a kan labarin kakansa, Makkar da babu ita yake lissafa wa.

Abu na farko da ke yanke farashin ɗaki shi ne lokaci, kuma wannan ba a Makka kaɗai ba ne. A tsibiran ƙasar Girka da ke Bahar Rum, irin su Santorini da Mikonos, ɗakin da ake samu da sauƙi a watan Mayu ko Oktoba kan ninka kuɗinsa a Yuli da Agusta lokacin da Turawa ke hutu, shi ya sa mai ƙaramin aljihu a can yake kauce wa waɗannan watanni, ko ya zaɓi tsibiri mara suna sosai kamar Naksos, ko ya sauka a domatiya, wato ɗakunan haya a gidajen mutane, waɗanda masu su suka daɗe da al'adar tarbar jirgin ruwa a tasha suna neman baƙi kamar yaran fatoma. Har ma Girkawa suna da tsibirin ziyarar ibada, Tinos, inda Kiristocin ƙasar ke cika ko'ina a ranar 15 ga Agusta. A Makka, azumi shi ne Agustan, goman ƙarshe kuma shi ne ƙololuwa, saboda falalar da ta tabbata ga Umara a cikin Ramadan, kuma a waɗannan darare ɗaki ɗaya kan ci ninkin ba ninkin abin da yake ci a sauran watanni.

A nan ne kalandar manomi take cin karo da kalandar otal. Lokacin da ɗakuna suka fi araha shi ne bayan an watse daga Hajji, wato Muharram da Safar, amma a waɗannan shekaru watannin biyu suna faɗowa ne tsakanin Yuni da Agusta, daidai lokacin shuka da noman fari da maimai, lokacin da mai gona ba ya iya barin gida na mako biyu, rumbu ya yi ƙasa, zafin Makka kuma ya haura digiri 40. Tazarar da ta fi dacewa da shi ita ce bayan an ɗaure dami an kai gida, daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, kafin hutun ƙarshen shekara da cunkoson Rajab da Sha'aban, sa'ad da sanyi ya fara sauka a Hijaz. Matsalar wannan tazara ita ce a yawancin shekaru kaka ce lokacin da hatsi ya fi faɗuwa, don haka wanda ya kwashe gero da wake ya kai kasuwa domin ya cika kuɗin kujera, abin da ya tsira da shi a otal ya riga ya bar shi a hannun mai awo. Tafiyar kakar bana da amfanin bara ya kamata a biya ta, ko da san da aka turke tun rani. Kuma da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, wannan lissafi yana gusawa kowace shekara, dole a sake shi sabo.

Abu na biyu, wanda ya fi cutar da tsofaffi, shi ne nisa. Ejan zai ce otal ɗin tafiyar minti goma ce, ba zai ce da ƙafar wa aka auna ba, ba kuma zai ambaci hawan dutse ko ramin mota da ke tsakani ba. Dattijo ɗan shekara 70 da ya yi ɗawafi ya kuma yi sa'ayi, wanda shi kaɗai ya kai kimanin kilomita 3 tsakanin Safa da Marwa, zai fito da silifas a hannu da gorar zamzam a kafaɗa, ya tarar da layin bas ya miƙe, ya isa otal ya tarar da wani layin a bakin lif guda biyu da ke hidimar bene goma sha, ya shiga ɗaki mai gadajen ƙarfe biyar da banɗaki ɗaya, kafin layin wanka ya zo kansa an kira wata sallar. Bayan kwana uku irin wannan bawan Allah yakan koma yin salla a masallacin unguwa ko a kan gadonsa, alhali abin da ya sa ya rabu da sansa shi ne salla a Harami. Wannan asara ce da ba ta bayyana a kowace takarda, kuma ita ce mafi ciwo.

Ko a kuɗi ma arahar nesa takan zama ta bogi. A ɗauka, a matsayin misali kawai, ɗakin mutum huɗu a Kudai riyal 160 ne a dare, wani kuma a Misfala da ake iya takawa riyal 280, wato riyal 40 da riyal 70 ga kowane mutum. Bambancin riyal 30 ne, amma idan bas ɗin otal ya yi wuya har mutum ya shiga tasi sau huɗu a yini a kan riyal 10, ya kashe 40, kuma mai tsadar ya koma mai araha. Kowane riyal kuma dala ce a ɓoye, domin tun 1986 aka ɗaure kuɗin Saudiyya a kan riyal 3.75 ga dala ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 1,500 a kan dala cikin ƙasa da shekara guda. A ƙara da harajin kashi 15 cikin ɗari da Saudiyya ke ɗorawa kan kaya da hidima tun 2020, wanda ya kamata a tambaya ko yana cikin farashin da aka faɗa.

Saboda haka tambayar da ta kamaci maniyyaci ba ta tsaya kan taurari nawa otal yake da su ba, domin tauraro ma'aunin kayan alatu ne, ba ya faɗin nisa. Abin nema shi ne sunan otal ɗin Makka da na Madina a rubuce cikin takardar yarjejeniya, ba tare da kalmar nan ta "ko makamancinsa" da ake fakewa a bayanta ba, sannan a ba wani yaro mai waya ya duba sunan a taswira ya ga mita nawa ne zuwa ƙofar masallaci. A san gado nawa ne a ɗaki, a san ko da abinci, a san kwana nawa ne a kowane birni da wanda zai biya motar kilomita 450 da ke tsakaninsu, a kuma tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda Hukumar Alhazai ta ba lasisi. Kuɗi ta asusun kamfani za a biya a karɓi rasit, ko da ejan ɗin surukin mai gari ne. Kunya ita ce ke hana mutumin karkara yin waɗannan tambayoyi, yana ganin kamar tuhuma ce ga wanda zai kai shi ɗakin Allah, alhali rubuta yarjejeniyar kuɗi abu ne da addinin kansa ya yi umarni da shi.

Akwai kuma iyakar da bai kamata a ƙetare ba ko da lissafi ya ƙi cika. Binciken da Michael Mortimore ya fara a karkarar Kano tun shekarun 1960 ya nuna cewa abin da ya riƙe ɗimbin jama'a a kan wannan ƙasa shi ne noman gona ɗaya kowace shekara tare da ciyar da ita da taki, irin wanda jakuna ke ɗaukowa a mangala, kuma tun daga lokacin rabon gado sai ƙara tsinka gonakin yake yi. A irin wannan wuri gonar da aka jinginar, wato aka miƙa wa mai kuɗi ya noma har ranar da za a biya shi, ba ta cika dawowa ba, saboda abin da za a fanshe ta da shi daga cikinta yake fitowa. Umara a mazhabar Malikiyya sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, ba ta kuma sauke faralin Hajji, wanda shi kansa sai mai iko aka ɗora wa. Mai burin Hajji yana da shirin adashin gata da aka ƙaddamar a Kano a 2020, inda ake tarawa sannu a hankali, mai burin Umara kuma jinkirin shekara ɗaya ko biyu ba zai rage masa komai ba.

Kira na musamman ga 'ya'yan da ke birni ko ƙasashen waje waɗanda ke biya wa iyayensu wannan tafiya: idan kuɗin bai isa kwana goma sha huɗu kusa da Harami ba, a yi kwana takwas a kusa, a bar goman ƙarshe ga masu ƙarfin jiki da aljihu, a kuma haɗa tsoho ɗaki ɗaya da wanda ya san shi. Malaman da ke wa'azi a masallatan Juma'a na Bichi da Ɗambatta da kewaye su ma su taimaka su faɗa wa jama'a a fili cewa neman sunan otal a rubuce kafin a biya kuɗi ba rashin tawakkali ba ne. Wanda ya karanta wannan kuma yana da dattijo mai shirin tafiya, ya karanta masa kafin a kai san da aka turke kasuwa.