Mai Niyyar Zama A Sifaniya Ya Fara Neman Mai Gida Na Kirki

Tun da na komo daga ƙasar Sifaniya, inda na yi wata goma ina ƙaro ilmi a birnin Giranada, samari ba su bar ni na huta ba. Duk wanda ya zo yi mini barka da zuwa, kafin ya tashi sai ya sako zancen biza, sai ka ce ranar da aka manna wa mutum ita a fasfo wahalarsa ta ƙare. Ni ma haka na zata sa'ad da na tashi a watan Satumba na 2023, ina murna kamar an ba ni makullin gari. To, ga abin da na tarar, ko Allah ya sa wani ya tsira daga ramin da na kusa faɗawa.

Maganar biza ba zan daɗe a kanta ba. Mai zuwa ziyara ana ba shi wadda ba ta wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180, kuma ba a zaman dindindin da ita. Mai zuwa karatu na fiye da wata shida kuwa, ana neman takardar makarantar da ta karɓe shi, da shaidar likita, da inshorar lafiya, da shaidar 'yan sanda cewa ba shi da laifi, da shaidar kuɗin da zai ci da kansa, wanda a shekarar da na tafi Yuro 600 ne a kowane wata. Takardunmu na Nijeriya sai an buga musu hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sa'an nan ofishin jakadancin Sifaniya ya tabbatar da su, kuma tafintan da gwamnatinsu ta rantsar ya juya su zuwa Sifaniyanci. An sake dokar baƙi a watan Mayu na 2025, saboda haka mai shiri yau ya je ofishin jakadanci ya ji da kunnensa, kada ya dogara da labarin wanda ya riga shi.

Bizar da aka ba ni ta kwana 90 ce kawai, alhali karatuna na wata goma ne. Abin da zai riƙe ni sauran watannin wani ɗan kati ne na baƙi da suke kira TIE, wanda ake nema a ofishin 'yan sanda cikin wata guda da shigar mutum ƙasar. Cikin takardun da aka ce in kawo har da shaidar wani rajista mai suna padrón, wato rajistar mazauna gari da ake yi a majalisar birni. Doka ta ɗora wa duk wanda ke zaune a ƙasar ya rubuta sunansa a ciki, ɗan ƙasa ne ko baƙo, kuma ba a biyan ko kwabo. Shugaban majalisar nan alcalde suke ce masa, kalmar da ta fito daga tushen da alƙalinmu ya fito, don Larabawa sun bar musu kalmomi da yawa. Audugarmu ma algodón ce a bakinsu.

Sai dai ba a rubuta sunanka a rajistar sai ka nuna inda kake kwana, ko dai da yarjejeniyar haya mai sunanka, ko da takardar izini da mai gidan ya sa wa hannu. A nan ne na yi tuntuɓe. Wani da muka haɗu a jirgi ya haɗa ni da wani mutum mai ɗaki na haya, arha ƙwarai, ba takarda ba shaida, in ba shi kuɗi a hannu kowane wata. Na ce Allah ya kashe ya ba ni. Bayan mako biyu na kawo masa takardar majalisa ya sa hannu, sai ya yi tsalle ya dire ya ce shi ba zai sa ba. Ashe shi ma ɗan haya ne, mai gidan bai san ya saka kowa ba. Na roƙe shi da ɗan guntun Sifaniyancin da na koya, ya ce in na matsa in kwashe kayana. Ran nan na gane arha ba ta ado. Kwana 19 sun tafi daga cikin 30, kuɗin makaranta an biya, gonar da na sayar don tafiyar kuwa ta riga ta zama ta wani.

Wanda Allah ya yi hanyar fitata a hannunsa wani dattijo ne mutumin Maroko, mahauci, inda nake sayen nama. Ya ga fuskata ya ce, "Ɗan'uwa, lafiya?" Na kwashe labari na gaya masa da Larabcin makarantar allo da na zaure. Ya ce, "Kai ma ka yi abin da kowane sabon zuwa ke yi. Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, tambayi ko za a yarda ka yi rajista a gidan. In an yi shiru, juya ka tafi." Ya rufe shagonsa ya kai ni wurin wata tsohuwa mai ɗaki a bene na uku. Kuɗinta ya ɗara na wancan sosai, ta kuma karɓi ajiyar kuɗin wata guda, wadda suke kira fianza, ana mayar wa mutum ita in ya fita bai ɓata kome ba. Amma ta rubuta yarjejeniya da sunana kamar yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Mai karatu ya lura da wannan, domin in an rubuta Muhammadu a wata takarda, Mohammed a wata, ma'aikacin ofis zai ce mutum biyu ne.

Saura kuma abin da suke kira cita previa. A ƙasar nan ba a tashi a tafi ofishin gwamnati a bi layi yadda muka saba. Sai mutum ya shiga intanet ya kama rana da sa'a, in ba haka ba mai gadi ba zai bar shi ya wuce ƙofa ba. Ranakun ofishin 'yan sanda kuwa kamar ruwa a rani suke. Na yi kwana huɗu ina dubawa safe da dare kafin na samu, ita ma ta faɗo bayan watana ya cika. Na buga takardar da ke nuna ranar da na nema na riƙe, da na je kuma ma'aikacin ya duba bai ce mini kome ba, ya ɗauki hoton yatsuna. Bayan kamar kwana 40 na karɓi katin. Akwai masu kama ranakun nan su sayar wa baƙi, alhali kyauta ne. Ni dai ban ba su ko sisi ba, ko da yake ba zan ɓoye ba, a dare na uku na yi tunanin bayarwa.

Da takardu suka kammala sai sauran zaman duniya. Mutanen nan ba su cin abincin rana sai wajen ƙarfe biyu, na dare kuwa sai tara ko goma. Ƙananan kantuna suna rufewa daga biyu har wajen biyar, ran Lahadi kuma galibinsu a kulle suke, watan Agusta ma rabin gari hutu yake tafiya. Wanda zai yi hulɗa da ofis ya sammaka, don yawancinsu da safe suke ganin jama'a.

Musulmi ya haddace kalma huɗu tun kafin ya koyi gaisuwa: cerdo, jamón, tocino da manteca, wato alade, da busasshiyar cinyarsa, da kitsensa, da man da ake narkarwa daga gare shi. Na ƙarshen nan shi ne mai ruɗi, don yana shiga har cikin kayan zaƙi da ake toyawa, musamman na lokacin Kirsimeti. Kuma in ka ce ba ka cin nama, wani mai abinci zai kawo maka wake da 'yan yankan jamón a kai, don shi a ganinsa wannan ɗanɗano ne. Mahautan halal suna nan da yawa, galibi 'yan Maroko. Masallaci ma akwai, har da babba da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaisin, yana fuskantar fadar Alhamra ta sarakunan Musulmi da mulkinsu ya ƙare a 1492. Mai son shiga fadar ya sayi tikiti tun da sauran makonni. Amma tsohon masallacin Kurɗuba coci ne yanzu, ana shiga kallo, ba a yarda a yi salla a ciki ba, kada ɗoki ya ɗebi mutum ya ta da kabbara.

Azumin 2024 a can ya same ni. Muna shan ruwa wajen bakwai da rabi, sai ran Lahadin ƙarshe ta Maris aka tura agogo gaba da awa guda, kamar yadda suke yi kowace shekara, magariba ta koma takwas da rabi. Da sanyi agogonsu ɗaya ne da namu, da zafi suna gabanmu da awa guda, mai kiran gida ya riƙa tunawa.

Sanyin ma kada a raina shi don an ji ana cewa kudancin Sifaniya rana gare shi. Giranada a gindin duwatsun Siyera Nebada take, ƙanƙara na rufe kawunansu, tsofaffin gidaje da yawa kuwa an gina su ne don maganin zafi. Ɗakin tsohuwar nan a watan Janairu ya fi hunturun Jos nesa ba kusa ba, har sai da ta tausaya mini ta ara mini barguna biyu na marigayi mijinta. Ranar da zan taho ta zagaya ɗakin ta duba, ta ƙirgo mini ajiyata cif, sa'an nan ta ce in wani ɗan ƙasarmu zai zo in ba shi lambarta, amma in gaya masa ba ta son a soya albasa bayan sha ɗayan dare.