Hankali Ke Gani: Makin Basira a Wasan Horar da 'Yan Ƙwallon Kwando

Akwai wani wasa da ya shiga hannun wasu samarin unguwanninmu na gindin Dala, wanda ba a yin gumi a cikinsa, ba a kuma taɓa ƙwallo. Mutum yakan zauna da wayarsa ko kwamfuta, a danƙa masa ƙagaggiyar ƙungiyar ƙwallon kwando ta intanet, ya zama shi ne mai horarwa. Shi zai zaɓi 'yan wasa, ya tsara musu atisaye, ya fid da biyar ɗin da za su fara, sa'an nan na'ura ta buga wasan da lissafi, ta kawo masa sakamako. Kowane ɗan wasa yana da makinsa na tsawo, da na gudu, da na tsalle, da na jifa. Akwai kuma makin basira, wanda shi ne ya fi jawo gardama a majalisarmu. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in auna nauyin wannan maki, in kuma duba ko sunan da aka ba shi ya dace.

Da farko ya kamata mu san yadda masu wasannin suka tsara abin. A wasan da ake kira Basketball GM, maki yana tashi daga 0 zuwa 100, an kuma raba basira gida biyu, watau ta kai farmaki da ta tsaron gida. A wani wasan kuwa mai suna Hoops Dynasty, da baƙaƙe ake auna ta, daga A zuwa F, kamar sakamakon jarrabawarmu. Har ila yau, a wannan na biyun kowane salon wasa da makinsa daban, kuma makin yana hawa ne gwargwadon atisayen da yaro ya yi da lokacin da ya samu a fili. Amfaninsa shi ne rage ɓarna: mai basira ba ya yawan zubar da ƙwallo, ba ya jifa inda bai kamata ba, ba ya barin gurbinsa a buɗe.

Abokaina sun kasu biyu. Wasu sun ce a ba su dogo mai tsalle kawai, sauran duk zance ne. Wasu kuma ba sa ɗaukar ɗan wasa sai sun ga makin basirarsa ya cika ido. Ni dai abin da na lura da shi, bayan kaka da dama ina wannan wasa, shi ne kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Bakin kwando ƙafa 10 yake daga ƙasa, basira kuwa ba ta ƙara wa gajere ko taƙi ɗaya. Idan tazarar ƙarfi ta yi yawa tsakanin ƙungiyoyi biyu, mai ƙarfi ke ɗauka. Amma idan aka yi kusan kunnen doki, to nan ne ake ganin aikinta. Sau da yawa nakan ga tsofaffin 'yan wasa da suka daɗe tare sun kayar da sababbin jini da suka fi su komai a takarda, domin a mintocin ƙarshe sai yaran su rikice. Masu iya magana sun ce yaro man kaza ne, in ya ji rana sai ya narke.

To, a matsayina na ɗalibin harshe, ga inda hankalina ya fi tsayawa. Mene ne ainihin abin da wannan maki yake aunawa? Bahaushe bai tara al'amarin ƙwaƙwalwa a kalma ɗaya ba. Yana da wayo, wanda yakan zo da ɗan ƙanshin zamba, shi ya sa gizo ya yi suna da shi. Yana da dabara, watau hanyar fita idan an shiga matsi. Yana da hankali, wanda ya haɗa da natsuwa da sanin ya kamata. Yana kuma da basira, wadda ake ɗauka baiwa ce daga Allah. Abin da yake hawa idan an yi atisaye, wanda kuma ɗan wasa zai iya cika shi a salo ɗaya ya rasa shi a wani, lalle ba baiwa ba ce. Sunansa sabo, ko gogewa. Da a ce ni aka ba aikin fassara wasan, da makin gogewa zan sa masa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan dattawa suna dara zai gane bambancin. Ramuka 30 ne, kowa da 'ya'yansa 12, ba wanda ya fi wani kayan aiki. Tsohon ɗan dara yakan hango cin da za a yi masa tun kafin abokin karawarsa ya jera ukun, saboda ya sha ganin wannan shiri shekara da shekaru. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ga shi kuwa ƙwallon kwando wasan dogaye ne, amma karin maganar bai tashi ba.

A filin gaske ma haka abin yake. A watan Yuli na 2021 ƙungiyar Nijeriya ta doke ta Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas, lokacin da taurarin Amurka ba su fi 'yan kwanaki da haɗuwa ba. Wata guda bayan haka, da suka saba da juna, su ne suka ɗauki lambar zinariya a gasar Olamfik ta Tokyo. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas ɗin da ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995, ya fara ne da tsaron raga a ƙwallon ƙafa, kuma sarrafa ƙafar da ya shahara da ita can ta samo tushe. Mu ma a nan gida, Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016, kuma ba a kai wannan matsayi da tsawo kaɗai.

Ya malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, dalilin da ya sa na damu da suna shi ne, suna yana gyara yadda ake kallon mutum. Wanda ya ɗauka makin nan baiwa ce, da ya ga yaro da F sai ya sallame shi. Wanda ya san gogewa ce sai ya ba shi fili, ya jure ɓarnarsa, har ya nuna. Alfred Binet, wanda ya fito da gwajin ƙwaƙwalwa a Faransa a 1905, ya yi shi ne domin a gano yaran da suke bukatar taimako a makaranta, ba domin a yanke musu hukunci ba. Mu da ake auna mu da baƙaƙe kowane zango, da yawanmu kuma gobe mu ne za mu riƙe alli da jan biro, ya kamata mu riƙa tambayar kanmu abin da baƙin da muka rubuta yake nufi: iyakar yaron ke nan, ko kuwa inda ya iso a yau?