Kaya, abin da ake ɗauka

Kalmar "kaya" tana cikin kalmomin da ke ba mai fassara wahala. Kayan miya, kayan aiki, kayan sawa, kayan ciki, kayan aure: kowanne da inda ya dosa. Amma in aka bi ta har gindinta, ma'anarta guda ce, wato abin da ake ɗaurewa a aza wa kai, ko jaki, ko raƙumi. Shi ya sa in abu ya yi wa mutum nauyi a rai sai ka ji ya ce ya zame masa kaya. Gado da kujera da akwati ma Bahaushe bai raɗa musu wani suna na daban ba, "kayan ɗaki" ya ce. Faransanci haka ya yi: meuble daga mobilis ta Latin ta fito, abin da ke motsawa, gini kuma suka kira shi immeuble, wanda ba ya gusawa. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba, amma bakinsu ya zo ɗaya: kayan ɗaki abin tafiya ne.

Sunayen kansu matafiya ne. Abin ajiyar tufafi kaɗai suna huɗu gare shi a gidanmu. Akwati daga Yarabanci ya zo. Adaka daga harshen mutanen Ashanti, ƙasar da fatakenmu suke zuwa sayen goro. Sanduƙi daga Larabci, kamar katifa. Kantin ta ƙarfe kuwa Faransawa suka bar mana. Mutumin da ke ƙera kujera, in kana Maraɗi kusa da iyaka kafinta ne, in ka zo Yamai minizye ne. Wanda ya iya sauraro zai ji hanyoyin kasuwancin ƙasar nan duka a cikin ɗakin uwarsa.

Mu ƴaƴan ma'aikatan gwamnati mun san nauyin kaya tun ba mu san karatu ba. Baba majo ne. An haife ni a Dakoro, na shiga lakwal a Tasawa, na yi bak a Maraɗi. A 2024 aka yi masa afektasiyo zuwa Yamai, inda ni na riga su zuwa don karatu. Tsakanin Maraɗi da Yamai kilomita wajen 660 ne, a bi ta Gidan Rumji, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Mai kamyo ba ruwansa da tarihin kujera, wurin da za ta ci a mota yake lissafawa. Da Baba ya ji kuɗin da aka yanka masa, ya yi lissafi irin na mai albashi: a saida tsofaffin kaya a Maraɗi, a haɗa da kuɗin motar da aka rage, a sayi sababbi in an sauka.

Inna, Bagobira ce daga Tsibiri, ba ta yi gardama kan kujeru da tebur ba. Da aka zo kan gadonta na ƙarfe da adakarta da kwanoninta na jere, sai ta ce: "Malam, kujerun ga naka na, saida abinka. Amma gadon ga uwata ta sai man shi. In munka saida shi kuɗin sunka shiga salon, salon ɗin na wa a?"

Baba bai amsa ba, don tambayar ba ta wasa ba ce. A gidan Bahaushe gini na miji ne, ko shi ya gina ko haya yake biya. Abin da ke cikin ɗaki na mace ne. Uwarta da ƴan uwan uwarta suka tara mata shi, wani da kuɗin adashi, wani da gudummawar biki, wani an fara sayensa tun tana goye. In aure ya mutu da shi take fita. In yunwa ta shigo, ko ciwon yaro, ko ta tashi aurar da ɗiyarta, dillaliya take kira a ɓoye ta ba ta kwano biyu. Kakanninmu ƙore suka jera, iyayenmu kwalla da tasa, amma aikin bai sake ba: jeren ɗaki ado ne ga baƙo, asusu ne ga mai ɗaki. Gadon da aka saida aka zuba kuɗinsa a salon ya bar hannun Inna ke nan, ko da ba wanda ya nufi ƙwace mata. Gado ya hau kamyo, a kwance, an ɗaure ƙafafunsa da igiyar roba.

A Yamai ni ce ƴar rakiya, tunda ni na san gari. Muka fara da kasuwar Katako, wadda sunanta ma Hausa ne a garin da Zabarmanci ya fi yawa. Can ake saida katako da kwanon rufi da ƙusa, can ake narka tsohon alminiyom a zuba tukunya. Daga nan muka bi shagunan da ke jera kayan waje a bayan gilashi, na Sin da na Turkiyya da waɗanda aka bi da su ta Dubai. Kowa kukansa ɗaya: tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa daga Kwatano ta Gaya sai sun zagayo daga Lome ta Burkina, kuɗin hanyar kuma mai saye ke biya.

Wani minizye dattijo ne ya yi mana bayanin da har yau nake juyawa. Baba ya nuna masa hoton wani almuwar mai ƙofa huɗu da madubi. Ya ce: "Alhaji, in shi kake so zan yi maka, amma ka ji gaskiya. Wannan ba ice ba ne. Garin katako ne aka kwaɓa da gam, aka matse, aka lulluɓe shi da fata mai sheƙi. Ƙusa mai murɗi sau ɗaya take kama shi da kyau. Ran da ka kwance, ramin ya buɗe. In ruwa ya taɓa gindinsa kuwa, kumbura yake kamar burodi." Ya nuna mana jan katako na ainihi, wanda ake kawowa daga ƙasashen bakin teku, nauyinsa daban, kuɗinsa daban.

Ba zan yi wa Baba dariya ba don ya so abin sheƙi. Mutum ne ya sauka sabon wurin aiki yana da shekara hamsin da ɗoriya, abokan aiki za su zo yi masa barka da zuwa, ga ƴammata biyu a gida da dangin masu nema za su shigo gani. Mutanenmu suna cewa ba a duba tufa, amma suna dubawa, suna kuma kai labari. Albashi bai isa a yi duka da jan katako ba. Aka raba: salon na katakon ƙwarai a wurin dattijon, jikka 280, a biya sau uku, almuwar na garin katako daga shago, jikka 130, sai kujeru huɗu na ƙarfe masu saƙar igiya daga wurin mai walda, jikka bakwai bakwai, don tsakar gida. Waɗannan huɗun su muke zama a kai. Salon sai da baƙo, mu kuwa da dare tabarma muke shimfiɗawa a gabansa mu jingina da shi.

Wata tara muka yi, mai gida ya ce ɗansa zai yi aure, yana son wurinsa. Wanda ya taɓa haya a Yamai ya san wannan magana. Tashi na biyu bai kai kilomita biyar ba, da amalanke da ƴar mota aka yi shi. Salon ya ƙuje a hannu ɗaya, ya isa lafiya. Almuwar sai da aka kira yaro ya kwance shi, da aka zo ɗaurawa ƙofa biyu suka ƙi zama, bayansa ya tsage. Yau yana tsaye da taimakon bango da bulo guda, Inna ta rataya zane inda ƙofa take. Dillalin da aka tambaya ya ce madubin kaɗai zai saya. Gadon ƙarfe kuwa ƙanena ɗan aji shida ya haɗa shi shi kaɗai kafin magariba. Tashinsa na biyar ke nan.

Kada in yi masa kirarin da bai kai ba. Gadon yana ƙara in an juya, fentinsa ya ci, an yi masa walda sau biyu. Ba amaryar da za a kai wa irinsa yau a Maraɗi ko Damagaram ba ta kwana tana kuka ba. Formika ake yayi, gado da almuwar da kwafez duk launi ɗaya, uwa ta ci bashi ta saya don tsoron bakin ƴan ganin ɗaki. Abin da ke damuna shi ne, uwar tana biyan kuɗin dukiya, ɗiyar tana karɓar ado kaɗai. Abin da ba ya jure tashi biyu, ba ya jure ruwa irin na damanar 2024 da ya shiga gidaje a Maraɗi da Damagaram, dillaliya kuma ba ta tayawa, ba zai tsaya wa mace ranar da ta shiga uku ba. Muna kiransa kayan ɗaki saboda baki ya saba, amma ba ya ɗaukuwa.

Da yawanmu masu rubutu a ɗan littafin nan, in mun gama, koyarwa za mu tafi da kwantaragi, bana Tawa, baɗi wani ƙauyen da ba mu taɓa jin sunansa ba. Za mu sayi kayan ɗakinmu na farko da albashin da ba ya zuwa kan lokaci. Kafin a tambayi mai shago launi ko rangwame, akwai tambaya biyu da na koya, ɗaya daga minizye, ɗaya daga Inna: sau nawa ake iya kwance shi, kuma in an saya na wa ne?

Yayata za a kai ɗaki bayan babbar Salla. Inna ta shiga adashi hannu biyu, formika za ta saya mata kamar kowa, ta ce ba ɗiyarta za a fara nunawa da baki ba. Amma ta riga ta kai wa mai walda kuɗin kantin babba mai kwaɗo biyu, ta kuma ware rabin kwanoninta da za su shiga ciki.