Tafiyar Ƙafa Zuwa Popenguine

Mutanen ƙasarmu ba baƙin tafiyar ƙafa ba ne. Kakanninmu sun taka har Gwanja neman goro, waɗansu kuma sun yi shekaru a kan hanyar gabas kafin su ga Makka. Amma a ce Kiristoci dubbai sun fito fili, sun cika hanya suna waƙa da addu'a daga asuba har faɗuwar rana, wannan kam ba mu taɓa gani ba sai da karatu ya kai mu Dakar, babban birnin Senegal.

Mu huɗu ne 'yan Nijar, biyu daga Dogon Dutsi, ɗaya daga Maraɗi, ɗaya daga Damagaram. A shekarar 2019 matasan cocin unguwarmu suka rubuta sunayenmu cikin masu tafiya Popenguine, wani ƙauye a bakin teku, kimanin kilomita 70 kudu da Dakar. Tun 1888 'yan Katolika ke zuwa ziyara can lokacin idin Fentakos. Wani bishof Bafaranshe mai suna Picarda ne ya fara abin, don girmama Maryamu uwar Yesu. Tafiyar ƙafa ta matasa kuwa daga baya ta zo, a 1981. Fafaroma John Paul na biyu ma ya ziyarci wurin a 1992.

Kafin gari ya waye ranar Lahadi muka kama hanya daga bayan gari, wajen Rufisque. An rarraba mu ƙungiya-ƙungiya, kowace da shugabanta, kowa da gorar ruwa da hula da carbinsa. Nan muka fara sanin ɗacin baƙunta. Mafi yawan waƙoƙin da Wolof da Serer ake yin su, mu kuwa ban da gaisuwa da cinikin kasuwa ba mu iya komai ba. Ga jama'a kewaye da kai, addininku ɗaya, Ubangijinku ɗaya, amma bakinka a rufe. Ɗayanmu ya ce shi fa ji yake kamar wanda aka gayyata biki aka manta a ba shi tabarma.

Abin da ya cece mu shi ne shiru. Lokaci-lokaci shugaba yakan karanta 'yan ayoyi da Faransanci, ya ba da tambaya guda, sa'an nan a yi tafiya mai nisa ba mai cewa uffan. A cikin shirun nan ba Wolof, ba Hausa. Sai ƙarar takalma, da numfashi, da rurin teku daga hannun dama. Mun lura cewa tunanin da mutum ke yi yana tafe dabam yake da wanda yake yi a zaune kan bencin coci. A coci kana iya lallashin kanka. Idan ƙafa ta yi bororo, rana ta take tsaka, rairayi yana jan diddige, to, abin da ke cikin zuciya shi ke tasowa, ko kana so ko ba ka so.

Mu abin da ya taso mana shi ne gida. Uku daga cikinmu danginsu Musulmi ne, kuma kwana kaɗan ke nan da ƙaramar Sallah, wadda a can suke kira Korite. Akwai wanda mahaifinsa ya yi shekara biyu bai amsa gaisuwarsa ba. Mun girma muna yin addininmu da murya ƙasa-ƙasa, ba ma manta abin da ya faru a Damagaram da Yamai a watan Janairun 2015 ba, lokacin da aka ƙona coci-coci. Saboda haka duk sa'ad da muka doshi wani ƙauye, muka hangi hasumiyar masallaci, sai jikinmu ya ɗan yi sanyi, alhali abokan tafiyarmu sai ƙara ɗaga murya suke yi.

A ƙauyukan masunta na yankin Yène, waɗanda galibin mutanensu Musulmi ne, mata sun jera bokitan ruwa a ƙofar gida, yara suna miƙa mana a kofi. Wata tsohuwa ta kama hannun ɗan'uwanmu na Maraɗi, wanda ke ɗingishi, ta zaunar da shi a inuwa, ta zuba masa ruwa a ƙafa. Da harshe ya gagara sai ya ce mata da Hausa, "Na gode, Inna, Allah ya saka." Ta ji sunan Allah, ta amsa da amin. Ba mu ce Senegal aljanna ce ba, suna da nasu rigingimun kamar kowa. Amma ruwan nan mun sha shi, kuma ba wanda ya tambaye mu ko mu su wane ne.

Daga nan baƙuntar ta fara sauƙi. Wani saurayi Basarere ya karɓi jakar mai ɗingishin ya haɗa da tasa. Da yamma shugaba ya roƙe mu mu koya wa ƙungiya waƙa guda ta cocinmu da Hausa. Sun kashe kalmomin ƙwarai, ba mai iya furta ƙ, amma sun yi ta da ƙarfi har muka wuce Toubab Dialaw.

Da almuru muka shiga Popenguine, ƙafafu kamar ba namu ba. Muka kwana a ƙasa bisa tabarmi, washegari Litinin aka yi babbar sujada a fili. A nan aka gaya mana cewa marigayi Kadinal Hyacinthe Thiandoum, babban bishof na Dakar wanda ya rasu a 2004, haifaffen ƙauyen ne.

A motar komawa muka yi ta gardama ko irin wannan tafiya za ta yiwu a gida, misali daga ƙauyukan Arewa zuwa Dogon Dutsi. Biyu suka ce za ta yiwu idan an fara zuwa gaida hakimai da limamai. Na Damagaram ya ce lokaci bai yi ba tukuna. Na huɗun bai sa baki ba, yana can yana rubuta wa mahaifinsa saƙon barka da Sallah a waya, ko da yake Sallar ta kwana biyar da wucewa.